Malam Zurƙe da Jinjirin Wata: Wa Abubakar Imam Yake Yi wa Dariya?

Duk wanda ya karanta Ruwan Bagaja a makaranta, ko a Kanya Babba ne ko a Kazaure, in ka tambaye shi abin da ya fi tunawa, da wuya ya ce maka ruwan. Malam Zurƙe ɗan Muhamman zai ambata, yana murmushi.

Marubucin kansa malamin makaranta ne. Abubakar Imam yana koyarwa a Makarantar Midil ta Katsina, yana da shekara 22, lokacin da ya rubuta littafin don shiga gasar da Rupert East ya shirya a 1933. Saboda haka ya san malanta daga ciki, ya kuma san yadda take da sauƙin kwaikwayo.

Mu dubi karon da Alhaji Imam, mai ba da labarin, ya yi da Zurƙe a gaban jama'a. Alhaji Imam ba shi da karatun kirki, rawani ne kawai da baki. Ya zana wani lanƙwasasshen abu a ƙasa, ya nemi a faɗi ko mene ne. Zurƙe, da yake ya yi karatu, sai ya shiga laluben haruffan Larabci. Shi kuwa gogan naka ya ce wata ne sabon tsayuwa. Jama'a suka duba, suka ga lallai da wata ya yi kama, aka kori mai ilimi aka riƙe maƙaryaci.

Muna yara Zurƙe muke yi wa dariya. Amma a ganina ba shi aka nufa da bulalar ba. Mutanen garin aka nufa, waɗanda ba su da ma'aunin da za su auna malami da shi sai abin da idonsu ya saba gani. Abin da ya fi ɗaure kai shi ne, mai karatu ma bayan mayaudarin yake bi, tun da da bakinsa ake ba mu labari. Har mu gama dariya ba mu lura mun shiga sahun 'yan garin ba. Ko sau ɗaya marubucin bai tsaya ya yi mana wa'azi a kan haka ba, abin da yawancinmu masu tasowa ba ma iya haƙurin bari.

Wannan tsari na mutum biyu da ke ta haɗuwa gari-gari suna ramuwa ya samo asali daga Muƙamatul Hariri, littafin da malaman zaure suka daɗe suna karantarwa. Sai dai Imam ya sauke shi daga Larabci mai tsauri ya mai da shi wasan tsokana irin na kasuwa.

Inda littafin ya yi rauni, a wurina, shi ne ƙarshensa. Da aka shiga sha'anin aljanu da ɗebo ruwan, sai barkwancin ya ragu, na riƙa juya shafi ina neman inda Zurƙe zai sake ɓullowa.