Komawa Gindin Waƙa: Tsokaci Kan Kotson Ɗanƙwairo da Jitar Jaz

Akwai masu ɗaukar amshi a waƙar baka tamkar maimaici kawai, wato wurin da jagora yake sararawa. Wannan ra'ayi yana bukatar gyara, kuma kiɗan jaz, wanda ya samo asali daga baƙaƙen fatar Amurka, zai taimaka wajen gyaran.

A jaz kowane zagayen kiɗa yana da awo ƙayyadadde, galibi gaɓa 12 ko 32. Aikin gaɓoɓi biyu na ƙarshe shi ne mayar da kunne mafari. A nan mai jita yakan bi haɗin sauti huɗu, waɗanda aka gina bisa mataki na 1, na 6, na 2 da na 5 na tsanin sauti. Wannan kowane ɗan koyo ya san shi. Gwaninta tana wajen zaɓen sautin da za a taɓa da wanda za a bari. Freddie Green, wanda ya yi kiɗa a ƙungiyar Count Basie daga 1937 zuwa 1987, yakan wadatu da tsirkiya uku daga cikin shida, yana gusar da yatsu kaɗan-kaɗan don kada a ji ɗinkin.

To, a ƙasar Bakura da Maradun ma akwai irin wannan. Alhaji Musa Ɗanƙwairo, makaɗin kotso da ya rasu a 1991, ba safai ɗan waƙa yake ƙarewa a bakinsa ba. Kafin ya dire, 'yan amshi sun tarbe shi, su yi ƙari, sa'an nan su gangaro da zancen cikin gindin waƙa. Mai shakka ya saurari "Mai Dubun Nasara", waƙar Sardauna Ahmadu Bello. Abin da Green yake rabawa tsakanin tsirkiyoyi, shi Ɗanƙwairo yake rabawa tsakanin muryoyi.

Sai dai kwatancin yana da iyaka. Kotso karin harshe yake bi, ba tara sautuka ba. Haka kuma 'ya'yan waƙa ba tsawonsu ɗaya ba, don haka ɗan amshi ba ya ƙirga gaɓa. Ma'ana yake saurare, ya gane inda jagora ya dosa. A ganina wannan ya fi wuya. Shi ya sa idan aka ɗora irin waɗannan waƙoƙi bisa jita ko fiyano, aka tilasta musu haɗin nan huɗu, sai kiɗa ya koma mafari alhali magana ba ta ƙare ba.