Haɗin Gwiwar Jami'o'i Wajen Horar da Masu Digiri na Uku: Da Wane Mudu Ake Awo?

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan wata magana da ta zama ruwan dare a bakin shugabannin ilimi, watau cewa maganin raunin karatun digiri na uku shi ne jami'o'inmu su ƙulla zumunci da waɗansu jami'o'in. Ba mu musun wannan magana. Abin da muke tuhuma shi ne mudun da ake awo da shi. Duk sa'ad da aka tashi yabon irin wannan zumunci, sai a ƙirga yarjejeniyoyin da aka sa wa hannu, da malaman da aka tura waje, da waɗanda suka komo da laƙabin dakta. A ganinmu, tambayar da ta kamata ita ce: bayan baƙi sun naɗe tabarmarsu, shin jami'ar gida tana iya yaye ɗalibi da malamanta da kayan bincikenta? Za mu ɗauki misalanmu daga fagen tarihi da na nazarin Hausa, domin su muka fi sani.

Ilimin jami'a a Nijeriya da haɗin gwiwa ya fara. Kwalejin Ibadan da aka buɗe a 1948 ta zauna ƙarƙashin Jami'ar Landan har 1962, digirin Landan ɗalibanta suke karɓa. Da ta tsaya da ƙafafunta, cikin digirorin na uku na farko da ta bayar, a 1964, akwai na Murray Last, a kan Daular Sakkwato. To, amma abin da ya fi jawo hankalinmu shi ne Shirin Binciken Tarihin Arewa, wanda Jami'ar Ibadan da Jami'ar Ahmadu Bello suka yi tarayya a kansa, rahotonsa na farko ya fito a Zariya a 1966. Kenneth Dike yana can Ibadan, Abdullahi Smith kuwa ya komo Zariya tun 1962 ya kafa sashen tarihi.

Hikimar wannan shiri ita ce da tara kaya ya fara. An bi gidajen malamai da fadojin sarakuna ana neman rubuce-rubucen Larabci, ana ɗaukar hotonsu, ana jera su, har ya zama ɗalibin da yake Zariya yana iya zama ya karanta wasiƙun waziran Sakkwato ba tare da ya ƙetare teku ba. Sa'an nan ɗalibai suka biyo baya. Sa'ad Abubakar ya gama kundinsa a kan Fombina a 1970, shekarar da aka kafa Gidan Arewa a Kaduna. Yusufu Bala Usman ya gama nasa a kan Katsina a 1974, Mahmud Tukur kuma a 1979. Duk a Zariya aka duba su. Waɗannan ɗalibai har sun kai ga ja da malamansu da kuma Turawan da suka riga su rubutu a kan jihadi da mulkin mallaka. Ɗalibin da ya iya ja da malaminsa da hujja, shi ne shaidar cewa horo ya kama.

Nazarin Hausa wata hanya ya bi daban. M.K.M. Galadanci a Landan ya yi digirinsa a 1969, Ɗandatti Abdulƙadir a Indiyana ta Amurka a 1975 a kan Mamman Shata, Dauda Bagari a Kalifoniya a 1976, Ɗalhatu Muhammad a Landan a 1977 a kan Aƙilu Aliyu, Abdulƙadir Ɗangambo shi ma a Landan a 1980 a kan waƙoƙin wa'azi. Ba mai hankalin da zai raina wannan aiki. Kowannenmu a inuwarsa ya tashi. Amma sai mu faɗi kuɗin da aka biya. Da Turanci aka rubuta kundayen nan duka, kuma a ɗakunan karatu na ƙetare aka ajiye asalinsu. Mawaƙin da aka feɗe waƙarsa ba ya iya karanta abin da aka ce a kansa, malamin Hausa na sakandare kuwa sai dai ya ji labari. Abin da ya ceci wannan hanya shi ne mutanen sun dawo, kuma sun taru a wuri ɗaya, Kano da Zariya, suka ƙirƙiro kalmomin nazari da Hausa, suka karɓi ɗalibai. Da haka ne a 1988 Sa'idu Muhammad Gusau ya gabatar da kundin digiri na uku a Jami'ar Bayero a kan waƙoƙin makaɗan fada, da Hausa tun daga bango har bango. Ke nan ribar tafiya Landan ba ta nuna ba sai da aka daina bukatar tafiyar.

Idan muka auna abin da aka yi a 'yan shekarun nan da wannan mudu, za mu ga giɓi. Asusun TETFund, wanda ya sami wannan suna a 2011, ya biya wa malamai da yawa kuɗin karatu a ƙetare, har ya dakatar da wannan ɓangare daga farkon 2025, saboda tsadar canji da kuma waɗanda suka tafi ba su komo ba. Tura mutum ɗaya ya yi shekara uku a hannun malamin da bai taɓa taka Nijeriya ba, taimako ne ga mutumin, amma ba ya ƙara wa sashen da ya bari ko da mai duba kundi guda kafin ya dawo, in ya dawo. Shirin CARTA da aka kafa a 2008, ƙarƙashin jagorancin wata cibiyar bincike ta Nairobi da Jami'ar Wits ta Afirka ta Kudu, ya fi kusa da abin da muke nufi: ɗalibi yana rajista a jami'arsa ta gida ko wata jami'ar Afirka da take cikin shirin, yana halartar tarurrukan horo guda huɗu, kuma ana horar da masu duba aikin su ma. Sai dai fagensa kiwon lafiyar al'umma ne, jami'o'in Nijeriya da suka shiga tun farko kuwa Ibadan ce da Ife.

Akwai kuma zumuncin da yake bakin ƙofarmu, wanda muke tsallakewa muna hangen nesa. Cibiyar binciken Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai tana riƙe da tarin rubuce-rubucen Larabci da Ajami da aka fara tarawa tun zamanin Boubou Hama, akwai kuma jami'o'i a Maraɗi da Damagaram. Wanda zai rubuta tarihin Gobir ko na Katsinawan da suka kafa Maraɗi, rabin shaidarsa tana hayin iyaka. A kan ce Turanci da Faransanci ne suka raba mu. Wannan uzuri ya yi rauni, domin malamin Sakkwato da na Damagaram ba su bukatar tafinta, balle tun da Nijar ta ayyana Hausa harshen ƙasa a 2025. Me zai hana ɗalibi ya sami masu duba biyu, ɗaya nan ɗaya can, ya kare kundinsa da Hausa a gabansu?

Saura mu da muke koyarwa a kwalejojin ilimi, waɗanda sunanmu ba ya cika fitowa a takardun yarjejeniya, alhali kuwa mu ne muke cika azuzuwan digiri na uku. Mun san abokan aiki da suka shekara bakwai a kan kundi guda, domin mai dubawa ɗaya ne ga ɗalibai barkatai, babi yakan kwana wata shida a teburinsa. Da jami'o'in da suke maƙwabtaka za su yarda malamin wannan ya duba ɗalibin waccan, su kuma haɗa jerin kundayen da aka riga aka rubuta domin a daina maimaita batu ɗaya, da an rage wannan jira da kuɗin da bai kai na tura mutum biyu Ingila ba.