Mota Haƙuri da Fataken Kaji: Duba ga Wani Filim na Ƙasarmu



Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi. Duk wanda ya taɓa shiga motar haya daga ƙauyensu zuwa wani gari ya san irin ilimin da ake samu bisa hanya. Mota ta tashi da hantsi, azahar ta iske ta kafe cikin rairayi. Fasinja su sauka su tura. Direba ya shige ƙarƙashinta da waya da filaya. Miji da mata sun ɗauki shata don su kai gaisuwa wajen dangi, suna tsammanin komowa kafin magariba, sai ga su sun kwana gindin gawo. Kowa ya san wannan, amma ba kasafai ake sa shi cikin littafi ko filim ba.

Akwai wani filim da aka yi nan Nijar wanda ya riƙe wannan zance tun daga farko har ƙarshe. Sunansa da Faransanci Cocorico Monsieur Poulet. Kalmar farko carar zakara ce a bakin Faransawa. Sauran biyun kuwa, in an juya su, sai a ce Mushe Kaza, ko Malam Mai Kaji. An gama shi a shekarar 1974. Yau za mu auna shi, mu ga inda ya faɗi gaskiya da inda ya rage mudu.

Su wa suka yi shi?

Mutum uku suka sa ma filim ɗin hannu, kuma suka haɗa farkon sunayensu suka ƙera suna guda, Dalaru. Da na Damure Zika ne, La na Lam Ibrahim Diya, Ru kuwa na Jan Rush.

Jan Rush Bafaranshe ne, an haife shi a Faris a 1917. Ya zo Nijar a 1941, zamanin mulkin mallaka, yana injiniyan hanyoyi da gadoji. Daga baya ya bar wannan aiki ya kama ɗaukar hoton sinima. Damure Zika ɗan Sorkawa ne, masuntan kogin Isa, kuma ma'aikacin lafiya ne. Lam Bafillace ne. Na huɗunsu shi ne Tallu Muzuran, wanda ya fito a matsayin yaron mota. Abota ce ta shekaru da yawa ta haɗa su. Tun a 1954 Damure da Lam suka bi Rush zuwa ƙasar da ake kira Gana yanzu, suka ɗauki filim ɗin Jaguar, labarin samari ƴan cin rani.

Ba su rubuta maganar da za su yi ba kafin a ɗauka. Sun shirya ƙashin labari, sauran kuwa kowa ya faɗi abin da ya zo bakinsa, Rush na biye da su da na'ura bisa kafaɗa.

Labarin a taƙaice

Lam falke ne mai sayen kaji cikin ƙauyuka ya kawo Yamai ya saida. Yana da wata tsohuwar mota ƙirar Citroën 2CV, wadda ya laƙaba ma sunan da ke nufin Haƙuri. Ya tashi shi da yaronsa Tallu. Damure ya liƙe masu, yana neman tasa riba. Tafiyar yini guda suka ƙudura, amma ta yi ta tsawo. Haƙuri ta lalace nan, ta lalace can. Sun gamu da wata aljana cikin siffar mace, al'amura suka ƙara rikicewa.

Babbar matsalarsu kogi ce. A lokacin gada guda ke Yamai, gadar Kennedy, wadda aka buɗe a 1970. Akwai masu binciken takardu a bakinta, motar Lam kuwa takardunta ba su cika ba. Don haka sau uku suka ƙetare kogin Isa da mota ba tare da gada ba, kowane karo da tasa dabara. A ɗaya daga ciki kwance motar suka yi gunduwa-gunduwa, aka ɗora ma jirgin ruwa, suka sake haɗa ta a wancan ƙetare.

Inda filim ɗin ya yi kyau

Abu na farko, ya san motar talaka. Irin wannan mota an fara nuna ta ga jama'a a Faransa a 1948, aka daina ƙera ta a 1990. Ƙaramin inji gare ta, iska ke sanyaya shi, ba ta bukatar ruwa. Ba ta da nauyi, mutum kaɗan na iya ciccibar ta daga rairayi. Sunanta ma dawaki biyu yake nufi. An ƙera ta don manoman Faransa, sai ga ta hannun falken kaji cikin dajin Nijar. Filim ɗin ya nuna yadda ɗan ƙasa ke karɓar kayan baƙo ya maida shi nasa. Lam bai jiran kayan gyara daga Turai. Abin da ya samu kusa, da shi yake ɗaure motarsa. Duk makanikin da ke bakin tasha a Maraɗi ko Tawa, in ya ga wannan, zai gane ɗan'uwansa.

Abu na biyu, dariyar da ke ciki ta gida ce. An daɗe ana kuka da finafinan Nasara game da baƙar fata. A 1965 Usman Samben, babban mai filim na ƙasar Senegal, ya ce ma Rush baki da baki yana kallon mutanen Afirka kamar yadda ake kallon ƙwari. Maganar na da nauyi, kuma ta dace da finafinai da yawa na wancan zamani. Amma ga wannan filim ba ta kama sosai ba. Damure da Lam da Tallu su ke jan zancen. Su ke ba'a, su ke gardama, su ke yi ma juna wayo. Mai kallo na dariya tare da su, kamar yadda ake yi a dandali in taubasai sun haɗu. Basarke da Bafillace da Buzu cikin mota guda, kowa na tsokanar kowa, ba wanda ya yi fushin rabuwa. Wannan hali ne na ƙasarmu, kuma filim ɗin ya kama shi da rai.

Abu na uku, ya gane cewa hanya ita ce labari. Kajin da aka fita nema kusan mantawa ake da su. Abin da ya rage ma mai kallo shi ne zaman jira, da turin mota, da shawarar yadda za a yi da kogi. Haka tafiya take a karkara. Ba a tambayar matafiyi ƙarfe nawa ya iso, ana tambayarsa yaya hanya. Shi ya sa sunan motar ya dace. Mahaƙurci mawadaci, in ji masu magana.

Abu na huɗu, zancen gada. Ga gada sabuwa, an kashe kuɗi an gina ta don jama'a, amma talaka uku sun gwammace su kwance motarsu da su bi ta kanta. Me ya hana su? Takarda. Filim ɗin bai yi wa'azi ba, amma mai hankali ya ga abin da ake nufi. Aikin ci gaba na iya tsayawa gaban mutum, ƙofarsa a rufe gare shi, in ba ya da takardar da ake tambaya.

Inda ya rage mudu

Na farko, ina mata? Motar maza uku ta ɗauka. Macen da ta fi fitowa fili cikin labarin aljana ce mai ɓata tafiya. To, mu tambayi kanmu, su wa ke kiwon kaji a ƙauye? Mata ne da yara. Su ke ba su tsaba, su ke rufe akurki da dare, kuma kuɗin kaza sau da yawa shi ne kuɗin sabulu da maganin yaro. Filim na fataucin kaji da bai zauna da mai kaza ba ya bar rabin labari a waje. Cikin motocin haya ma, ranar kasuwa, mata ba su ƙaranci ba. Suna nan da goyo da ƙwarya da buhu. In mota ta mutu cikin daji, wahalarsu ta fi ta kowa.

Na biyu, mutanen karkara sun zama kamar bangon ɗaki. Ana wucewa ta gabansu, suna taimako, suna kallo, amma ba a tsaya an ji nasu ba. Shekarun 1973 da 1974 kuwa shekarun fari ne da yunwa. Dabbobi sun mutu, mutane sun bar garuruwansu, har soja suka karɓi mulki cikin watan Afrilu na 1974. Ba a ce kowane filim sai ya yi kuka ba. Wasa ma abinci ne. Amma wanda ya kalli wannan filim shi kaɗai ba zai san halin da ƙauyukan ƙasar ke ciki a lokacin ba.

Na uku, harshe. Yawancin maganar da Faransanci ake yin ta. Ɗan lakkwal a Yamai ya ji, Bafaranshe a Faris ya ji, amma falken kaji na gaske, wanda labarinsa ne, sai dai ya bi hoto. Ba dole ba ne a yi haka. Umaru Ganda, wanda shi ma ta hannun Rush ya shiga aikin sinima, ya yi filim ɗinsa Le Wazzou polygame da Zabarmanci, kuma shi ya ci babbar kyautar bikin finafinai na Wagadugu a 1972. Ashe harshen gida bai hana filim zuwa nesa. Yanzu da ake juya finafinan Indiya zuwa Hausa ana kallo cikin wayar hannu, ba abin da zai hana a juya wannan zuwa Hausa da Zabarmanci, in masu haƙƙinsa sun yarda.

Na huɗu ya fi sauran nauyi. Cikin filim, lalatacciyar mota abin dariya ce. Bisa hanya kuwa makabarta take kai mutane. Motar da birkinta bai kamawa, ko fitilarta ba ta haske, in ta ɗauki fasinja, rayukansu na hannun Allah da hannun sakaci. Gudun masu bincike ya yi daɗin kallo, amma takardar duba lafiyar mota da ta inshora ba don ado aka yi su ba. Ranar haɗari ake sanin amfaninsu. Kada mai kallo ya fita da tunanin cewa dabara na maye gurbin gyara.

Hanya ba ta san babba ba. Jan Rush kansa a kan hanya ya cika. Ran 18 ga Fabrairu 2004, da dare, motar da yake ciki ta yi haɗari kusa da Birnin Ƙonni. Matarsa na cikin motar, da Damure Zika, da Mustafa Alasan mai filim, su ukun suka tsira. Yana da shekara 86. A Yamai aka rufe shi. Damure ya rasu a 2009.

Filim ɗin da muke son gani

Babbar hanyar ƙasa ta tashi daga Yamai ta bi Doso, Dogon Dutsi, Ƙonni, Madawa, Maraɗi, Tasawa, ta kai Damagaram, kusan kilomita 900, ta wuce har gabas. Daga jikinta ƙananan hanyoyi suka ratsa zuwa ƙauyuka. Labari nawa ke kwance bisa waɗannan hanyoyi?

A ce wani ɗanmu ya ɗauki labarin miji da mata cikin motar haya. Sun bar kwalta sun shiga rairayi, za su biki ko ta'aziyya. Wa ya biya kuɗin shata, shi ko ita? Wa ya zauna gaba? In mota ta mutu, ba surukai, ba maƙwabta, me za su ce ma juna wanda ba su taɓa faɗi a gida ba? In sun nemi ruwa a wata rugga, wace magana matar za ta yi da matan wurin? A gida kowa na da ɓangarensa, miji na zaure, mata na tsakar gida. Mota kuwa wuri guda ce, ba inda za a ɓuya. Irin wannan filim zai cike giɓin da Dalaru suka bari, kuma hanyar da suka share ita zai bi: na'ura guda, abokai na gaskiya, da maganar da ta fito daga ciki.

Hukuncinmu

Cocorico Monsieur Poulet filim ne mai daraja. Ya girmama dabarar talaka, ya nuna zumuncin ƙabilun ƙasa, kuma ya ba da dariya mai tsabta. Laifinsa ya manta da mata, ya wuce ƙauye da sauri, ya yi magana da harshen da masu labarin ba su ji, ya kuma maida haɗari wasa. In dama ta samu, ku kalle shi tare, maza da mata. Bayan kallo ku tattauna: da ku ne cikin motar Lam, gada za ku nema ko jirgin ruwa? Kuma in za ku shiga motar haya da iyalinku, me ya kamata ku duba kafin ku biya kuɗi?

Allah ya kiyaye hanya, ya sauke kowa lafiya.