Zambon Ɗan Wasa a Matsayin Ma'aunin Sha'awar 'Yan Kallo: Waiwaye Daga Yola da Jimeta

1.0 Gabatarwa

Manazarta wasan kwaikwayo na Hausa sun fi mayar da hankali ga rubutattun wasanni, irin su Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu na Shu'aibu Maƙarfi, da Kulɓa Na Ɓarna na Umaru Ɗanjuma Katsina. Wasan ban dariya kuwa, musamman wanda ɗan wasa ke kwaikwayon ɗan'uwansa mai nishaɗantarwa don ya yi masa zambo, akan ɗauke shi a matsayin shiririta. Manufar wannan maƙala ita ce ta nuna cewa irin wannan zambo taska ce ta tarihi, domin ba a kwaikwayon abin da jama'a ba su yayi. Duk wanda aka yi wa zambo a dandali, to, shi ne gwanin 'yan kallon wannan zamani.

2.0 Tushen Al'adar

Wannan al'ada ba ta Hausawa ba ce su kaɗai. A shekarar 1724 mai zanen nan na Ingila, William Hogarth, ya fitar da wani zane da ya yi wa shugabannin gidan wasa na Drury Lane ba'a, saboda sun karkata ga wasannin dabo da raye-raye da mutanen Landan suka raja'a a kansu. Shugabannin aka zana, amma 'yan kallo ake yi wa gugar zana.

A ƙasar Hausa 'yan kama ne suka riƙe wannan aiki, kamar yadda Gidley ya bayyana a nazarinsa na 1967. Ɗan kama yakan ɗauki karin waƙar fitaccen makaɗi ya cika ta da zancen tuwo da miya, ko ya ari muryar malami mai tafsiri. Dabarar ba ta cin nasara sai mai sauraro ya san asalin abin da ake juyawa. Saboda haka jerin waɗanda 'yan kama suka kwaikwaya a kowane zamani shi ne jerin waɗanda kasuwarsu ke ci a lokacin.

3.0 Daga Talabijin Zuwa Bidiyo

A shekarun 1970 da 1980 gidajen rediyo da talabijin na gwamnati ne ke riƙe da dandali. Usman Baba Pategi a Samanja Mazan Fama ya fito da sojan bariki mai tsawa da gurɓatacciyar Hausa, yayin da Ƙasimu Yero da Karkuzu suka fito da halayen mutanen gari. Abin zambo a nan shi ne hali, kuma akan rufe wasa da hannunka-mai-sanda, domin hukuma ce ke ɗaukar nauyi.

Fitowar Turmin Danya a Kano a 1990 ta sauya mai biya: ɗan kallo ne a lokacin ya koma sayen kaset da kuɗinsa. Zuwa 1999, lokacin da Sangaya ya fito, soyayya da rawa da waƙa irin ta Indiya sun mamaye kasuwa. A wannan yanayi ne Rabilu Musa Ibro, wanda ya rasu a 2014, ya farfaɗo da kamanci a cikin sabuwar riga. Yakan ɗauki waƙar da ake yayi ya juya ta, ya yi rawar jarumin soyayya da jikin da bai dace da ita ba. Masu cewa wannan alamar lalacewar wasa ce sun manta da abu guda: wanda ya sayi fim ɗin soyayya shi ne ya sayi na Ibro. Ashe ɗan kallo yana sane da wautar abin da yake so, har yana biya a yi masa dariyarsa.

4.0 Darasin Yola da Jimeta

Sai dai wannan ma'auni yana da sharaɗi, wato sanin wane ne ɗan kallon, kuma Adamawa ta isa misali. Yola gari ne da Modibbo Adama ya kafa a 1841, cibiyar sarautar Fulani da malanta. Jimeta kuwa, da ke bakin Binuwai, matattarar ƙabilu ce inda Hausa ta zama harshen kasuwa, mafi yawan masu magana da ita kuma ba harshen uwa ba ne a gare su.

Wannan ya shafi yadda ake karɓar zambo ta fuska biyu. Ta farko, Hausar Samanja, wadda Bakano ke yi wa dariya don baƙuwa ce a kunnensa, a Jimeta ta yi kusa da Hausar yau da kullum. Nan dariyar ba ta raini ba ce, ta ganin kai ce. Ta biyu, siffar Bafulatanin daji mai sanda da malafa wanda birni ke ruɗawa, wadda wasannin ban dariya na Kano suka yawaita, tana rasa madogara a garin da Lamiɗo da alƙali da limami Fulani ne. Barkwancin Fulani da Barebari yana da ƙa'idar ramuwa, amma wanda aka kwaikwaya a kaset ba ya da bakin mayar da martani.

5.0 Kammalawa

An ga cewa zambon ɗan wasa yana bin sawun sha'awar jama'a, daga makaɗi da malami, zuwa sojan bariki, zuwa jarumin soyayya. An kuma ga cewa ma'anarsa tana sauyawa gwargwadon wurin da aka kalle shi. Pategi ya rasu a 2023, Ƙasimu Yero a 2017, kuma kaset ɗin da aka ɗauki wasanninsu ba ya jure zafi da ƙura. Ya kamata sassan harsunan Nijeriya su tattara abin da ya rage, su kuma ji ta bakin 'yan kallo na wajen ƙasar Hausa, tun masu tuna abin da ya ba su dariya suna raye.