Malaman allo masu jiran yaro

A ƙauyukan Bichi, Dambatta da Kunchi, inda gona ke manne da gona, yaro mai galahanga ko jinkirin fahimta ba shi da makaranta tasa. Ta masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki tana can birni. Malamin allo ke zaunar da shi kusa da buzunsa. Fatiha kaɗai kan ci shekara, a wanke allo, a sake rubutawa, malam bai taɓa dorina ba. Shi ke tsawatar wa masu tsokanar yaron, ya koya masa alwala, ya tuna wa manoma gidan su yaron ranar fidda zakkar gero. Kuɗin Laraba ma sau tari yakan yafe. Ba don shi ba, da uwar yaron ko surfe ba ta samu sukunin yi ba.