Maroƙi da Marubucin Tarihi: Tarke a kan Fim ɗin Yankee Doodle Dandy (1942)

A zamanin da manyan kamfanonin silima na Holiwud suke riƙe da kome a hannunsu, tun daga marubuta da 'yan wasa har zuwa gidajen da ake nuna fim, watau daga wajejen 1930 zuwa tsakiyar shekarun 1950, an yi yayin wani nau'in fim wanda yake ɗauko rayuwar wani shahararren mawaƙi ko makaɗi ya gina labari a kanta, sa'an nan ya ƙawata labarin da waƙoƙin mutumin. Daga cikin irinsu akwai Rhapsody in Blue (1945) a kan George Gershwin, da Night and Day (1946) a kan Cole Porter, da The Jolson Story (1946) a kan Al Jolson. Yankee Doodle Dandy, wanda kamfanin Warner Bros. ya fitar a watan Mayu na 1942, ya riga su duka fitowa, kuma har yau shi ake fara ambata in ana maganar wannan nau'i. Wannan maƙala za ta dubi abin da ya ɗaukaka fim ɗin da abin da ya tauye shi, tare da nuna cewa mafarinsu ɗaya ne: an ɗora wa masu shirya shi aikin maroƙi, alhali sun yi wa mai kallo alkawarin tarihi.

Gwarzon labarin shi ne George M. Cohan (1878–1942), Ba'amurke mai tushen Ailan, wanda ya tashi a kan dandamali tare da uwa da uba da 'yar'uwarsa Josie, suna yawon wasa gari gari da sunan Cohan Huɗu. Daga baya ya zama marubucin wasa, mai tsara waƙa, ɗan rawa, kuma mai zuba jari a Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta birnin Niyok. Shi ya yi Little Johnny Jones (1904) da George Washington, Jr. (1906), kuma shi ya tsara "Over There" a 1917, waƙar da ta zama taken sojan Amurka a Yaƙin Duniya na Farko. Zubin fim ɗin mai sauƙi ne. An kira Cohan, yana dattijo, zuwa fadar Shugaba Roosevelt. Ya tafi yana zaton za a yi masa faɗa saboda kwaikwayon shugaban da yake yi a wani wasa. Ya zauna ya ba da labarin rayuwarsa tun daga haihuwa. A ƙarshe aka miƙa masa lambar girma ta Majalisar Dokoki. Duk abin da mai kallo zai gani a cikin minti 126 daga bakin Cohan ya fito, yana zaune gaban shugaban ƙasarsa. Wanda kuwa ya sami irin wannan zama ba ya tona asirin kansa.

Tilas ne a yi la'akari da lokacin da aka yi aikin. An shiga ɗaukar fim ɗin a watan Disamba na 1941, daidai kwanakin da Japan ta kai hari Pearl Harbor, kuma da aka zo bikin fara nuna shi a Niyok, da takardun lamunin yaƙi aka biya kuɗin kujera. James Cagney, wanda ya fito a matsayin Cohan, shi ma yana da tasa bukatar. A 1940 an zarge shi da alaƙa da 'yan gurguzu, har sai da ya bayyana gaban Martin Dies, shugaban kwamitin majalisa mai binciken irin wannan zargi, aka wanke shi. Ɗan wasan da aka taɓa shafa wa wannan kashin kaji ba zai ƙi fim mai cike da tutoci ba. Shi kuwa Cohan yana raye, yana fama da ciwon ajali, kuma yarjejeniyarsa da kamfanin ta ba shi ikon amincewa da rubutun labarin. Ƙasa tana son ƙarfin guiwa, tauraro yana son wanke suna, mai labari yana son a rufa masa asiri.

Babban abin yabo a fim ɗin shi ne jikin Cagney. Masu kallon wancan zamani sun san shi da fitowa a ɗan ta'adda, tun daga The Public Enemy (1931), sun manta cewa da rawa ya fara cin abinci a dandamali. A nan ya ɗauko salon rawar Cohan, da taimakon Johnny Boyle wanda ya taɓa aiki da Cohan ɗin: ƙafafu a sandare, ƙirji ya karkato gaba, duwawu a baya, yana tafiya a kan yatsun ƙafa kamar zakaran da ya ga fili ba kowa. A fitowar Little Johnny Jones yakan keto dandamali da gudu, ya taka bangon gefe da ƙafa biyu, ya juyo ya ci gaba ba tare da ya ɓata kiɗa ba. Muryarsa ba ta mawaƙi ba ce, don haka rabi rera waƙar yake yi rabi faɗarta, wanda kuma haka aka san Cohan da yi. Abin lura shi ne rawar tana faɗin abin da rubutun ya ji tsoron faɗa. Mutum mai irin wannan taku mai girman kai ne, mai son a dube shi shi kaɗai, wanda ba ya ba abokin wasa wuri. Marubuta sun tsaya a kan cewa jin kan Cohan ƙuruciya ce, wadda dukan da yaran unguwa suka yi masa da horon ubansa suka fara ragewa. Ƙafafun Cagney kuwa sun ci gaba da nuna halin har tsufa. Lambar Oscar ta gwarzon ɗan wasa da ya samu a kan wannan aiki ta dace da shi.

Darakta Michael Curtiz ma ya yi abin kirki wajen ɗaukar raye-rayen. A wannan kamfani ne Busby Berkeley ya saba ɗaga kyamara sama yana jera 'yan mata su zama fure ko tauraro, abin da babu mai zama a kujerar gidan wasa da zai iya gani. Curtiz ya bar wannan hanya. Galibi ya ajiye kyamara inda ɗan kallo zai zauna, ya bar labule da fitilun gaban dandamali da makaɗa a cikin hoto, ya kuma ɗauki ɗan rawa daga kai har ƙafa ba tare da yawan yanka ba. Ta haka fim ɗin ya zama wata taska ta yadda wasan Broadway yake a farkon ƙarni na 20, ko da yake an ƙara masa girma da ƙyalli. Hoton baƙi da fari na James Wong Howe ya taimaka ƙwarai. (Howe haifaffen ƙasar Sin ne, kuma dokar da ta hana Sinawa zama 'yan ƙasa sai a 1943 aka soke ta, watau wanda ya haska duk waɗannan tutoci bai da ikon zama Ba'amurke a lokacin da yake haska su.)

Manazarta sun daɗe suna lissafa wuraren da fim ɗin ya saɓa wa tarihi, amma ba dukansu ne suke da nauyi ɗaya ba. Takardar baftismar Cohan ta nuna 3 ga Yuli aka haife shi, shi da iyayensa suka riƙe 4 ga Yuli, ranar 'yancin Amurka, fim kuma ya bi su. Wasansa Popularity, wanda ya faɗi a 1906, an ja shi zuwa 1915 don faɗuwarsa ta zo daidai da nutsar da jirgin ruwan Lusitania. Wasan da ya kwaikwayi Roosevelt na 1937 ne, lambar girma a 1940 ya karɓa, Amurka kuwa sai ƙarshen 1941 ta shiga yaƙi, amma fim ya haɗa ukun a dare ɗaya. Irin wannan sassaƙa haƙƙin mai ƙaga labari ne, kuma wani lokaci riba take jawowa. Alal misali, mahaifin Cohan ya rasu a 1917, mahaifiyarsa sai 1928, amma fim ya sa uban ya zama na ƙarshe. Dalili a fili yake. Iyalin suna da wata godiya da George yake yi wa 'yan kallo in wasa ya tashi, yana ambaton uwa da uba da 'yar'uwa sa'an nan kansa. A bakin gadon mutuwar uban, wanda Walter Huston ya fito a matsayinsa, George ya maimaita wannan godiya alhali biyu daga cikin waɗanda ake ambata sun riga sun tafi, na uku kuma yana kan hanya. Da an bi kalanda da an rasa fitowar da ta fi kowace taɓa zuciya.

Aibin gaske yana wurin abin da aka shafe ɗungum. Cohan ya yi aure sau biyu: Ethel Levey a 1899, suka rabu a 1907, sa'an nan Agnes Nolan. Yana da 'ya'ya huɗu. Fim ya kawar da duka, ya ƙirƙiro mace ɗaya mai suna Mary, wadda Joan Leslie ta fito a matsayinta tana da shekara 17. Mary ba ta da fushi, ba ta da buri, ba ta da wani ra'ayi da ya wuce na mijinta. Akwai inda George ya tsara waƙa da sunanta, ya yi mata alkawarin ita za ta rera, sai ya ba shahararriyar mawaƙiya Fay Templeton don ya jawo ta cikin wasansa. Ya komo gida da tsaraba yana ta kame-kame, sai ya tarar ta riga ta gane, ta kuma yafe tun kafin a roƙe ta. An shirya fitowar da gwaninta, tana ba da dariya, amma a nan ne kaɗai aka ba auren damar ya girgiza, kuma nan take aka rufe ƙofar.

Wanda ya fi wannan girma shi ne yajin aikin 1919. A watan Agusta na shekarar, 'yan wasan dandamali na ƙungiyar Actors' Equity suka ajiye aiki har wata guda, suna neman masu gidajen wasa su amince da ƙungiyarsu, a kuma daina sa su gwaji na makonni ba ko kwabo. Cohan, wanda ya tashi a cikinsu, ya juya musu baya, ya shugabanci wata ƙungiyar kishiya da aka kafa don karya yajin. Equity ta yi nasara. Cohan bai taɓa shiga cikinta ba har ya mutu, abokai da yawa suka guje shi, kuma haɗin guiwarsa da Sam Harris, wanda ya faro tun 1904, ya watse a 1920. A fim kuwa, su biyun sun rabu cikin raha da musafaha, babu ko ambaton yaji. Ga mutumin da ya rera wa talakan Amurka waƙar haɗin kai, ga shi kuma ya ƙi haɗa kai da abokan sana'arsa: wannan shi ne wasan kwaikwayon da yake cikin rayuwar Cohan, kuma shi aka zubar. Abin ya ƙara ban mamaki in aka tuna cewa Cagney ɗan ƙungiya ne na gaske, har ya zama shugaban ƙungiyar 'yan wasan fim a 1942, shekarar da fim ɗin ya fito.

Illar wannan shafewa ta bayyana a tsarin labarin kansa. Kashin farko yana da rai domin akwai abin da ake kokawa da shi: talauci, bashin kuɗin masauki, masu gidajen wasa da suka daina ɗaukar George saboda bakinsa. Da zarar Little Johnny Jones ya karɓu, sai abokin hamayya ya ƙare. Abin da ya rage jerin nasarori ne, kyamara tana bin allunan fitilu na Broadway tana ƙirga sunayen wasanni, ana tsayawa a rera waƙa, a wuce. Maroƙi yana iya jera kirari har gari ya waye domin ubangidansa yana zaune, jama'a kuma sun san shi da abin da ba a faɗa ba. Ɗan kallon fim ba shi da wannan sani. Abin da aka nuna masa shi ne iyakar mutumin.

Akwai kuma batun baƙar fata, wanda bai kamata a tsallake ba da hujjar cewa haka zamanin yake. Cohan Huɗu sun fito na ɗan lokaci da fuska shafe da baƙi, bisa tsohuwar al'adar dandamalin Amurka ta kwaikwayon baƙaƙe don raha, kuma fim ya nuna haka a matsayin abin marmarin tunawa. A babbar fitowar "You're a Grand Old Flag" an kawo ayarin baƙaƙe suna waƙa a gaban gunkin Lincoln, suka ba da tasu gudummawa ga hoton ƙasa ɗaya al'umma ɗaya, aka janye su. Baƙin da ya sami 'yan kalmomin faɗa shi ne hadimin fadar shugaban ƙasa. A 1942 rundunar sojan da fim ɗin yake yi wa kirari a rarrabe take bisa launin fata, sai a 1948 Shugaba Truman ya ba da umarnin haɗe ta.

Fitowar ƙarshe ta tattara ƙarfin fim ɗin da rauninsa wuri ɗaya. Cohan ya fito daga wurin shugaba da lambarsa, ya fara sauko da matakala a natse irin ta dattijo, sai ƙafafun suka ƙwace, ya ƙarasa saukowa yana buga rawa har ƙasa ba tare da ya dubi inda yake takawa ba. Babu magana, babu tuta, 'yan daƙiƙoƙi ne kawai, amma sun nuna farin cikin mutum da alfaharinsa fiye da duk jawaban da suka gabata. Daga nan sai ya fita titi ya tarar da sojoji suna maci da "Over There", wani soja da bai gane shi ba ya tambaye shi ko bai san waƙar ba ne, shi kuma ya shiga sahu yana rerawa. A matakala Cagney ne yake wasa da halin mutum guda. A titi kuwa kamfani ne yake kiran samari zuwa fagen fama. An nuna wa Cohan fim ɗin kafin rasuwarsa, ya kuwa amince da shi. Ya rasu ranar 5 ga Nuwamba, 1942, wata biyar da 'yan kwanaki bayan fitowarsa.