Sunayen da Tilas ke Ara a Ƙasar Mafara, Bakura da Maradun

Harshen Hausa ba shi da talaucin kalmomin tilas. Akwai tilas kanta da dole, akwai fin ƙarfi da danniya da ƙwace da ƙarfa-ƙarfa, kuma kowace da irin nauyinta. Amma wanda ya bi maganganun mahukunta da rubuce-rubucen da aka yi a kan abin da ya auku a yammacin Zamfara zai tarar ba safai mai yin tilas ke kiran aikinsa da ɗayan waɗannan ba. Yakan ari suna ne daga wani wuri mai mutunci, ko daga shari'a, ko daga addini, ko daga ladabin zaman tare. Wannan takarda za ta duba waɗansu daga cikin sunayen aron nan, ta kuma auna yadda marubuta suka yi da su.

Ƙasar da ake magana a kanta ba ta da faɗi ƙwarai, amma ta haifi Gwamna uku daga cikin waɗanda suka mulki Zamfara tun 1999: Ahmad Sani na Bakura (1999 zuwa 2007), Abdul'aziz Yari na Talata Mafara (2011 zuwa 2019), da Bello Matawalle na Maradun (2019 zuwa 2023). Tun kafin su ma ta san hannun iko. A farkon sarautar Sarkin Musulmi Abdurrahman, wanda ya hau a 1891, wanda mutane suka yi wa laƙabi da Ɗanyen Kasko, an murƙushe Talata Mafara da yaƙi, abin da littattafan tarihi ke kira tawaye. Ita kanta kalmar tawaye wanda ya ci yaƙi ne ke raɗa ta.

Ma'aunin da ya kamata a gwada sauran marubuta da shi yana wurin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi kamar shekara biyar yana wa'azi a ƙasar Zamfara kafin jihadi, har ya zauna a Faru, wajen Maradun. A cikin Kitabul Farƙ, da ya zo lissafa zaluncin sarakunan zamaninsa, da Larabci ya rubuta, amma bai fassara sunayen ba. Ya bar su da Hausarsu, irin su jangali da kuɗin gari da gaisuwa, kāna ya bayyana abin da kowane ke ɗauke da shi. A duba gaisuwa. Kalma ce ta ladabi, ba wanda zai ji ta ya tsorata, alhali abin da ake nufi shi ne talaka ba ya ganin mai iko hannu sake. Da Shehu ya juya ta zuwa kalmar Larabci ta rashawa kurum, da rabin laifin ya ɓace, gama rabin laifin a cikin sunan yake. Wannan hikima ce ta mai sanin harshe, kuma kaɗan ne daga cikin waɗanda suka yi rubutu bayansa suka bi ta.

Sai maganar Bakolori. An gama gina madatsar ruwan a kan gulbin Sakkwato a 1978, kamfanin Impresit na ƙasar Italiya ne ya yi aikin. Ruwa ya cinye gonaki da ƙauyuka a ƙasar Maradun, aka tashi mutane dubbai. A ƙasa da madatsar kuwa, wajen Talata Mafara da Bakura, aka karɓe gonaki don a baje su a yi magudanai, manomi ya yi damina bayan damina ba shuka. A cikin wannan shekara ta 1978 aka kafa dokar da ta sa ƙasa duka a hannun Gwamna, watau abin da ake biyan mutum shi ne amfanin gona da itatuwa da gini, ban da ƙasar kanta. Manoma suka yi ta kai kuka a kan biyan da ya yi jinkiri ko ya kasa, daga baya suka tare hanyoyin aikin. Ranar 28 ga Afrilu 1980, zamanin Shugaba Shehu Shagari da Gwamna Shehu Kangiwa, 'yan sanda suka buɗe wuta, suka ƙone gidaje a ƙauyuka, cikinsu har da Birnin Tudu. Hukuma ta ce waɗanda suka mutu ba su kai 30 ba. Masu adawa da ita suka ce sun haura 380.

Kalmomi uku ne suka ɗauki nauyin wannan al'amari a bakin hukuma. Ta farko ita ce tsugunarwa. Mutumin da aka raba da garinsu ana cewa an sake tsugunar da shi. Ko wane ne ya fara zaɓen kalmar, ya faɗi gaskiyar da bai yi niyya ba, domin tsugune ba zama ba ne, wanda ya tsuguna yana jiran tashi. Bahaushe kuwa ya riga ya ce tsugune ba ta ƙare ba. Ta biyu ita ce kwantar da tarzoma, har ana kiran rundunar da ta yi harbin 'yan sandan kwantar da tarzoma. Kwantarwa aikin uwa ne ga jariri, da na mai jinya ga majinyaci. A cikinta ba a jin ƙarar bindiga. Kuma da zarar an ce tarzoma, an riga an yanke hukunci cewa manomin ne ya fara. Ta uku, wadda ta fi su nauyi, ita ce diyya. A wurin malaman fiƙihu diyya kuɗin jini ne, abin da ake biyan magadan wanda aka kashe ko wanda aka yi wa rauni. Hausa ta faɗaɗa ta har ta shafi gona da gida. Manoman Bakolori da ma'ana ta biyu suka fita neman diyya, da rana ta faɗi sai ga iyalansu sun cancanci ta farko.

Akwai kuma wani abu na nahawu. Hausa tana da wakilin suna wanda ba ya nuna kowa: an, aka, ana, za a. Da shi ake girmama babba, da shi kuma ake ɓoye mai aiki. "An harbe mutane" jimla ce cikakkiya, ba mai iya cewa da kuskure a cikinta, amma ba ta da mai harbi. In aka ƙara da irin aikatau ɗin da F. W. Parsons ya sa a aji na bakwai, aka ce abin ya auku, ko ya faru, to, harbi ya koma kamar fari ko ambaliya, abin da ke sauka daga sama. Malamin da ke koyar da wannan wakilin suna a kwalejin horon malamai, in ya tsaya ga cewa alama ce ta ladabi, ya koyar da rabin aikinsa.

Littafi biyu ne aka fi komawa gare su a kan Bakolori, duka da Ingilishi. Na ɗaya tarin takardu ne a kan danniyar siyasa a Nijeriya wanda Yusufu Bala Usman ya shirya, ya fito a 1982. Falalarsa ita ce ya mayar wa jimlar da mai aikinta, ya ce ga wanda ya yi. Rauninsa kuwa shi ne ya fito daga ɓangaren PRP a lokacin da take gaba da NPN, saboda haka ya yi sauƙi ga mai son musu ya ce maganar jam'iyya ce. Na biyu maƙalar Bjorn Beckman ce ta 1985, wadda ta fi natsuwa, ta bi yadda hukuma da kamfani da manomi suka yi karo. Sai dai manomin da ke cikinta ya zama wakilin wani aji na jama'a, irin wanda za a iya samu a Hindu ko a Misira. Mutumin Birnin Tudu da Zamfarci ya yi ƙorafinsa, mai cewa muna inda Bakano ke cewa mana. Ko ƙwace ya kira abin da aka yi masa, ko ci, ko zalunci, kowace tana nuna inda ya aza laifin, kuma wannan shi ne abin da fassara ta fara zubarwa.

Al'amarin Jangebe ya fi wuyar aunawa, gama a nan ba za a ce an ɗora wa jama'a abin da ba su so ba. Da Gwamna Ahmad Sani ya yi shelar shari'a a Gusau ranar 27 ga Oktoba 1999, taron da ya halarta ba kora aka yi ba, kuma dokar ta fara aiki ranar 27 ga Janairu 2000. Marubutan waje da suka ga ƙarfi kaɗai a cikin abin sun kuskure. Kowace shari'a, ta Musulunci ko ta Turawa, tana da sanda a bayanta. Alƙalin da ba a iya tilasta hukuncinsa mai ba da shawara ne kawai. Ayar nan ta 256 ta Suratul Baƙara da ake yawan kawowa, a wurin jamhurin malamai shiga addini ta shafa, ba ta ɗauke hukunci daga kan ɓarawo ba.

Amma marubutan gida da suka ga yarda kaɗai su ma sun yi gaggawa. A watan Maris na 2000 aka yanke hannun Buba Bello Jangebe a asibitin Talata Mafara saboda satar saniya. Ba shi da lauya, bai kuwa ɗaukaka ƙara ba, aka yi ta cewa ya yarda. To, yarda a Hausa tana da fuska fiye da ɗaya. Akwai yardar wanda aka ba zaɓi ya zaɓa. Akwai yardar wanda ya amsa laifi. Akwai kuma yardar wanda ya ga ba makawa ya sallama, wadda ƙanwar haƙuri ce. Mai yiwuwa ne mutumin ya ji a zuciyarsa cewa hukuncin ya tsarkake shi, ba kuwa mai ikon ƙaryata shi. Abin da bai halatta ga marubuci ba shi ne ya ɗauki yarda ta uku ya sayar da ita a kan kuɗin ta farko.

Abin mamaki shi ne mazhabar da aka yi hukuncin da ita ta fi kowa tsanani a kan wannan bambanci. Imamu Malik kansa an yi masa bulala a Madina zamanin Halifa Mansur, saboda ya tsaya a kan cewa sakin wanda aka tilasta ba ya aukuwa, mahukunta kuwa suka gane cewa haka nan mubaya'ar da aka karɓa da takobi take. Malaman mazhabar sun gindaya wa haddin sata sharuɗɗa: abin ya kai nisabi, a ɗauke shi daga ma'ajiyarsa, a sami shaidu biyu adilai ko iƙirari, kuma mai iƙirari yana da damar janyewa. Har sun bambanta dabbar da ke kiwo a daji da wadda aka shigar garke. Duk wannan gini an yi shi ne don kada ƙarfi ya wuce inda aka halatta masa. Rubutun da ya yabi hukuncin bai tambayi sharuɗɗan ba, bai girmama fiƙihun da yake taƙama da shi ba.

Kalmar sata ma ta yi nata aikin. Bahaushe da ita yake kiran mai ɗauke saniya da mai cinye dukiyar baitulmali. Fiƙihu kuwa ya raba su: na farko sariƙa ne, na biyu ha'inci, ba a yanke hannu a kansa, sai ta'aziri gwargwadon ganin alƙali. Talakan da ya yi kabbara a Gusau da ma'anar Hausa ya ji alkawarin. Da ya ga hannun da aka yanke a 2000 na ɓarawon saniya ne, na 2001 kuma na ɓarawon keke, ya fara gane cewa shi da masu rubuta dokar ba kalma ɗaya suke amfani da ita ba.

Na bayan nan ba ya bukatar dogon bayani, don masu karatu sun gan shi da idonsu. Ranar 26 ga Fabrairu 2021 aka kwashe 'yan mata 279 daga makarantar Jangebe. A watan Agusta aka shiga kwalejin aikin gona ta Bakura. A farkon Satumba aka kwashe ɗalibai a Kaya, ƙasar Maradun. 'Yan bindiga da ke aza wa ƙauye kuɗi kafin ya yi noma, haraji suke kiransa, watau sun ari sunan hukuma. Hukuma kuwa, a 2019, ta ari na addini, ta kira shirinta sulhu, ta kira waɗanda suka karɓe shi tubabbu. Sulhu a shari'a tsakanin mutum biyu ne masu iya cewa a'a, tuba kuwa tana da sharaɗin mayar da haƙƙi ga mai shi. Gidajen rediyo da jaridu suka ɗauki kalmomin yadda aka miƙa musu, kaɗan ne suka sa musu ko da alamar zance.

Saurayin da ke da shekara 20 a ranar harbin Birnin Tudu yanzu ya haura 60. Kwalejin ilimi ta jihar a Maru take, tafiyar da ba ta kai yini ba daga waɗannan ƙauyuka, kuma ɗalibanta da yawa Zamfarcin nan suka tashi da shi. Aikin da ya rage shi ne a zauna da dattawan a ɗauki maganarsu yadda ta fito, ba tare da an gyara ta zuwa Kananci ba, a lura musamman da wurin da mai ba da labari ya ce an, da wurin da ya ambaci suna.